Ɗan Karen Farauta Na Ingila A Gidan Musulmi: Ina Hukuncinsa?

 A 'yan watannin nan wata tambaya ta yi ta zuwa mana daga bakin mutanen da ba su san juna ba. Wani ma'aikacin gwamnati ne a Samaru, abokin aikinsa da zai koma ƙasarsu ya bar masa kyautar ɗan kwikwiyo. Wani kuma ɗan kasuwa ne a Unguwar Gabas ta Sabon Gari, 'ya'yansa sun hana shi sakat sai ya sayo musu irin wanda suke gani a cikin waya. Karen da ake magana a kansa ɗan ƙarami ne, fari, mai dabbare-dabbaren ja ko baƙi a kai da kunnuwa, Turawa suna kiransa Jack Russell. Masu tambayar sun ji an ce asalinsa karen farauta ne, sun kuma ji malamai suna cewa shari'a ta yi izinin riƙon karen farauta. Sai suka haɗa wannan da wancan, suka ce ashe ke nan babu laifi a ajiye shi cikin gida yara su riƙa wasa da shi.

Wannan haɗi yana da kama da gaskiya, saboda haka ya cancanci a warware shi zare-zare maimakon a kore shi da tsawa. Mun kuma lura cewa masu amsa irin wannan tambaya a majalisu sukan kama reshe su bar tushe. Da an ambaci kare sai a ce najasa ne, a rufe magana. Alhali kuwa a mazhabar Imamu Malik, wadda akasarin mutanen ƙasar nan suka tashi a kanta, ba a nan gizo yake saƙar ba.

Bari mu fara da sanin shi karen, domin ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa. Sunan da yake ɗauke da shi na wani limamin Kirista ne, John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883 a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Mutum ne mai tsananin son farautar yanyawa a kan doki, irin wadda manyan ƙasarsu suke fita da garken karnuka. A 1819, yana ɗalibi a Oxford, ya sayi wata 'yar karya fara a hannun wani mai tallan madara, daga gare ta kuma ya fara zaɓen iri. Abin da yake nema shi ne kare mai ƙafar bin dawakai yini guda, mai siririn ƙirjin da zai kutsa rami, mai zafin zuciyar da zai tsaya gaban yanyawa cikin duhu yana haushi har ta gaji ta fito fili, sa'an nan ya zama fari don kada a ɗauke shi a matsayin abin da ake farauta. Dangin waɗannan karnuka ana ce musu teriya, sunan da ya fito daga kalmar Latin mai ma'anar ƙasa, watau masu aikin ƙarƙashin ƙasa. Irin da aka fi sani yau tsayinsa a kafaɗa inci 10 zuwa 12 ne, nauyinsa kilo 5 ko 6, yakan kuma rayu shekara 13 zuwa 16. Dattawan da suka yi zamanin garmaho za su tuna da ɗan farin karen nan da ke zaune gaban ƙaho a jikin fayafayan HMV, to mai kama da shi ake nufi.

Mai karatu ya riƙe wannan a ransa. Shekara ɗari biyu ke nan ana tace wannan dabba don ta yi gudu, ta tona ƙasa, ta yi haushi, ta bi duk wani abin da ya gilma. Ƙanƙantar jikinsa ce take yaudarar mai saye, ya ɗauka 'yar tsana ya samo wa yara.

Maganar najasa

A wurin Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina shekara ta 179 bayan Hijira, duk mai rai tsarkakakke ne muddin yana raye, haka yawunsa da guminsa da hawayensa, kuma kare bai fita daga wannan ƙa'ida ba. Haka almajiri zai tarar a farkon Muhtasar na Shaihu Halil da sharhohinsa, littafin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan birnin Zazzau. Daga cikin hujjojinsu akwai aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Kare kuwa da baki yake kamu, amma ba a umurci kowa da wanke gurbin haƙoransa ba. Buhari ma ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa a zamanin Manzon Allah karnuka sukan ratsa masallaci, ba a kuwa bin sawunsu da ruwa.

Hadisin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sha a cikinta ingantacce ne, shi Malik da kansa ya ruwaito shi a Muwaɗɗa. Sai dai malaman mazhabarsa sun ɗauke shi a matsayin ta'abbudi, watau umurnin da ake bi don biyayya ko da ba a bayyana mana dalilinsa ba, kuma a mashahurin zance mustahabbi ne, a kan mazubin ruwa. Shafi'iyya da Hambaliyya sun saɓa, suka ce kare najasa ne, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa, bisa ga riwayar Muslim. Hanafiyya suka tsaya a tsakiya, suka najasta yawu suka bar jiki. Saboda haka mutumin da kare ya goga wa riga a hanyarsa ta zuwa masallacin kasuwa, in shi Bamalike ne, sallarsa ta inganta ba tare da ya koma gida ya sake tufafi ba.

Amma fa fitsarin kare da kashinsa najasa ne a mazhabobin nan huɗu duka. Kwikwiyon da aka saki cikin falo kuwa bai san darduma ba bai san tabarma ba, zai yi watanni kafin ya koyi inda zai yi bukatarsa. Uwargidan da take shimfiɗa sallaya a ɗakin ita ce za ta zauna cikin shakka safe da yamma. Har wa yau, Sabon Gari gari ne da jirgin ƙasa ya haifa tun wajen 1911, ya tara mutane daga ko'ina, kuma a cikin baƙinka akwai wanda yake bin ra'ayin Shafi'i a wannan mas'ala. Ba daidai ba ne ka gayyato mutum gidanka ka jefa shi cikin ƙunci game da alwalarsa.

Izini yana bin aiki

Tsarkin jikin kare abu ne daban, halaccin ajiye shi kuma abu ne daban, kuma a nan ne masu tambayarmu suka zame. Malik da Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ba, ladan aikinsa yana raguwa da ƙiraɗi biyu kowace rana. Riwayar Abu Huraira ta ce ƙiraɗi ɗaya, ta kuma ƙara karen gona a cikin waɗanda aka togace. Malamai sun yi ƙoƙarin daidaita ɗaya da biyun. Wasu suka ce biyu na Madina ne saboda darajarta, wasu suka ce biyu na birni ne ɗaya na ƙauye, domin cutar da mutane ta fi yawa inda gidaje suka haɗu, wasu kuma suka ce an fara da ɗaya ne sa'an nan aka tsananta. Girman shi ƙiraɗin ma an yi saɓani a kansa. Ko ma yaya ne, ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ma'anar asarar da ake cira daga jari kullum ba fashi, ko da ƙwandala ce.

Abin lura a cikin waɗannan riwayoyi shi ne an jingina kare ga aikinsa: karen farauta, karen kiwo, karen gona. Ba a ambaci launi ko asali ko ƙasar da ya fito ba. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ya fayyace wannan a ƙarshen Risala, littafin da da wuya a sami almajirin ilmi a ƙasar Hausa da bai bi ta kansa ba. Ya hana ajiye kare a gidajen birni da na ƙauye, sai wanda zai tsare shuka, ko wanda zai bi dabbobi jeji ya dawo tare da su, ko wanda mutum yake farautar abincinsa da shi. Ya kuma fitar da farautar wasa daga cikin izinin a fili, a wani babin ma ya ce ita farautar wasan makaruhi ce.

To, a auna. A ƙauyukan ƙasar Zazzau, da rani bayan an kawar da amfanin gona, mafarauta sukan fita da karnukansu na gida, ramammu masu dogayen ƙafafu, su dawo da zomo da gafiya da burgu da kurege, a ci a gida ko a kai kasuwa. Wannan kare ba shi da takardar asali, ba wanda ya san kakansa, amma yana cikin izinin shari'a dumu-dumu. Shi kuwa farin nan mai takarda daga Ingila, wanda bai taɓa ganin rami ba sai wanda ya tona a ƙarƙashin fulawar maigida, yana kwance bisa kujera ana ba shi biskit, sunan farauta kawai ya gada. Ɗan malamin da bai yi karatu ba ba a ba shi limanci don sunan ubansa. Abin da ya ƙara wa maganar armashi, farautar da aka ƙago wannan iri dominta ba ta neman abinci ba ce, domin Turawa ba su cin yanyawa. Gaskiya ne manomansu suna ƙinta saboda 'yan raguna da kaji, amma ga mahaya dawakin nishaɗi ne. A Ingilar ma an kafa doka a 2004 wadda ta hana irin wannan farauta da karnuka, ta fara aiki a 2005.

Sa'an nan ga hadisin Abu Ɗalha da ke cikin Buhari da Muslim, mai nuna mala'iku ba su shiga gidan da akwai kare, da labarin da Nana A'isha ta bayar na jinkirin Mala'ika Jibrilu saboda ɗan kwikwiyon da ya shige ƙarƙashin gado. Malamai sun ce mala'ikun rahama ake nufi, ban da masu rubuta ayyuka waɗanda ba su rabuwa da mutum. Haɗɗabi yana ganin karen da aka yi izininsa ba ya hana su shiga. Nawawi yana ganin hanin ya game kowane kare, ya kafa hujja da cewa Manzon Allah bai ma san kwikwiyon yana nan ba, amma duk da haka Jibrilu ya tsaya a waje. A kan karen da aka ajiye don sha'awa kawai kuwa, su biyun bakinsu ɗaya.

Wani zai ce, to gadi fa? Wannan tambaya ce mai ƙarfi, musamman a 'yan shekarun nan da ɓarayi da masu satar mutane suka addabi unguwannin gefen gari. Zahirin Risala bai ba da izinin karen gadin gida ba. Amma masu sharhinta sun kawo labarin shi mawallafin da kansa, cewa katangar gidansa ta faɗi a lokacin da yake tsoron sharrin masu mulkin Ƙairawan na zamaninsa, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa ra'ayin Malik, ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da zaki ma zai ɗaure a ƙofarsa. Ibnu Abdil Barri na Andalus, wanda ya rasu shekara ta 463, ya tafi a kan halaccin riƙon kare don jawo amfani ko tunkuɗe cuta idan bukata ta kama, ta hanyar kiyasi a kan ukun da aka ambata, Nawawi ma ya inganta halaccin karen tsaron gida. Mu ma wannan muke bayarwa ga wanda yake zaune a bayan Basawa ko Bomo ko wajen Shika, inda gida yake nesa da gida.

Sai dai mutum ya yi wa kansa adalci. Kare mai kilo 6 ba ya tare ɓarawo. Iyakarsa ya yi haushi ya tashi mutanen gida, wannan kuwa ya iya shi har ya wuce kima, domin zai yi wa ƙadangare, ya yi wa akuya, ya yi wa almajirin da ya zo bara, ya yi wa mai kiran sallar asuba. Wanda ya ce don gadi ya ajiye shi, wurin karen gadi sananne ne, bakin ƙofa ko bayan gida, da ɗan ɗakinsa da kwanonsa. In kuwa an wayi gari mai gadin yana kwana a gadon yara, to maigida ya san sunan da ya kamata ya kira abin, Allah kuma ya riga shi sani.

Akwai masu bukata ta gaske, kada mu tauye su. Wannan iri gwanin kashe ɓera ne, manoman Ingila sun daɗe suna amfani da shi a rumbuna da garken dabbobi. Mai gonar kaji, ko mai babban siton hatsi da gafiya ta dame shi, in ya ajiye shi can a wurin aikin, ya shiga ƙarƙashin ma'anar karen gona da na kiwo, ba mu ga abin zargi a kansa ba. Mai kajin dai ya raba shi da kajin da waya mai ƙarfi. Amma ɓeran ɗaki da na kicin, kyanwa ta ishe shi, ita kuwa hadisin Abu Ƙatada ya wanke ta, ba wanda ya yi jayayya a kan zamanta cikin gida.

Haƙƙin karen da na maƙwabci

Kada mai karatu ya fahimci cewa Musulunci yana gaba da kare. Alƙur'ani ya ambaci karen As'habul Kahfi tare da su, yana kwance a bakin kogo. Hadisi ya inganta cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wani marubucin Bagadaza, Ibnul Marzuban, wanda ya rasu shekara ta 309, littafi guda ya wallafa yana fifita amanar karnuka a kan ta mutane da yawa masu sa tufafi. Jifan kare da yaranmu suke yi a kan titi, manya suna kallo suna dariya, ba shi da wani asali a addini, zalunci ne tsagwaronsa.

Wannan tausayin shi ne hujja ta biyu a kan mai son ajiye wannan iri cikin gari, kuma a ganinmu bai gaza ta farko nauyi ba. Masu kiwonsa a ƙasarsa sun yi ittifaƙi cewa yana bukatar gudu da wasa mai gajiyarwa na aƙalla awa guda kowace rana, in ba haka ba sai ya huce a kan kujeru da takalma da gindin katanga. Yana tsalle fiye da yadda ake zato ga mai jikinsa, yana haƙa rami ya fice ta ƙarƙashin shinge. A tsofaffin gidajen ma'aikata na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda aka gina da faffaɗan fili gaba da baya tun bayan kafa ta a 1962, Turawan da suka zauna ciki suna da wurin sakin karnukansu, suna da kuku da boyi, suna kuma da al'adar fita yawo da su da yamma. Yau fa? Ma'aikaci ya fita tun bakwai da rabi, ɗan kasuwa ba zai rufe shago ba sai magariba, yara suna makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma. Gidan kuma ɗaki biyu da falo ne, ko gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Ƙarshen abin sananne ne, mun sha ganinsa: bayan wata biyu ɗoki ya wuce, a ɗaure shi da sarƙa mai taku uku a jikin tankin ruwa, cikin zafin watan Maris da Afrilu, kaska ta cika masa kunne, yana kuka dare da rana. Manzon Allah ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya ɗauki dabbar da aka halitta da son gudu ya ɗaure ta shekara da shekaru don 'ya'yansa sun yi sha'awar mako guda, ya shirya amsar da zai bayar.

A kuma yi lissafin shekaru. Yaron da yake kuka a saya masa yana da shekara 10, kafin karen ya mutu ya kai 25, wataƙila ya yi aure ya bar gidan. Ma'aikacin gwamnati kuwa takarda ɗaya ce take ɗauke shi daga Zariya zuwa Kafancan ko Abuja, inda mai gidan haya zai ce bai yarda da kare ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Maƙwabci shi ma yana da magana. Ibnu Abdil Barri yana daga cikin waɗanda suka ce dalilin raguwar lada shi ne firgita mutane da kare yake yi. A unguwanninmu kaji da 'yan tsaki da tantabaru da zomaye suna yawo tsakanin gidaje, su ne jarin matan aure da tsofaffi, wannan kare kuwa ba ya ganin abu mai gudu ya ƙyale shi. Duk kazar da ya kashe bashi ce a wuyan mai shi. Malaman Malikiyya sun hukunta cewa wanda ya san karensa yana cizo, aka yi masa gargaɗi bai kawar da shi ba, shi ne mai lamunin ɓarnar da ya yi, ta dukiya ko ta jiki. Mun san zumuncin shekara ashirin da ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

Ga 'yan kasuwa akwai ƙarin bayani, domin mun ji wasu samari suna cewa kiwon karnukan waje don sayarwa sana'a ce mai riba. Hadisin Abu Mas'udil Ansari da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim ya hana kuɗin kare. A kan karen da aka yi izininsa an yi saɓani: mashahurin zancen mazhaba hani ne, Sahnunu mai Mudawwana ya halatta har ya nuna zai iya yin aikin Hajji da kuɗin, Abu Hanifa ma ya halatta. Mai sayen karen kiwo ko na gadi bisa larura yana da madogara ke nan. Amma karen da ba a yi izinin riƙonsa ba, malaman mazhabarmu ba su yi saɓani a kan hana cinikinsa ba, kuma wanda ya buɗe kasuwarsa don masu sha'awa ya san su wane ne abokan cinikinsa.

Su kuwa yaran, son dabba da ke zuciyarsu alheri ne, kada a kashe shi da tsawa. Ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umairu, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah yana zolayarsa a kansa, ranar da tsuntsun ya mutu ma ya tambaye shi labarinsa don ya lallashe shi. Daga nan malamai suka ciro halaccin yaro ya riƙe tsuntsu muddin ana ciyar da shi ba a azabtar da shi. A saya masa tantabaru, ko zomaye biyu, ko 'yar tunkiya ya yi kiwo, ya koyi tashi da safe don wani mai rai yana jiransa. Iyayenmu da haka suka koya mana ɗaukar nauyi.

Wanda ya riga ya karɓa

Saura wanda kare ya riga ya shigo hannunsa, kamar mai tambayarmu na Samaru. In yana da bukatar gadi ta gaskiya da filin da zai sake shi, ya fitar da shi daga ɗakunan kwana da na salla, ya ware masa kwano, ya ɗauki nauyin fita da shi. In babu, ya nemi mai gona ko mai sito ko mafarauci ya ba shi kyauta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sa shi a mota a kai shi hanyar Funtuwa a yar, ko a zuba masa guba a abinci. Gaskiya ne an yi umurni da kashe karnukan Madina da farko, amma Muslim ya ruwaito cewa an sassauta daga baya, kuma Ibnu Abdil Barri ya zaɓi kada a kashe wanda ba ya cutarwa. Karen da aka yar kuwa ko yunwa ta kashe shi, ko ya shiga cikin na juji ya zama bala'i ga yaran wasu.

Muddin yana hannunka, allurar rigakafin haukan kare wajibi ce a kanka, domin shari'a ba ta yarda ka jawo cuta ga kanka ko ga waninka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Mutanen Zariya ba su da uzuri a nan, ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na jami'a a Samaru, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom kuma ta daɗe tana haɗa wannan allura. Ana yi wa kwikwiyo yana ɗan wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara, a kuma adana takardar shaida, domin ita za a fara nema ranar da ya ciji ɗan maƙwabci.

In kuwa cizon ya auku, ko na karen gida ko na titi, ko da ƙarzuna ce, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15, sa'an nan a kai wanda aka ciza asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da hali zai yi. Addu'a da tofi ba su hana wannan, a yi su a kan hanya. Shi kuma karen kada a yi saurin kashe shi a jefar, a killace shi kwana 10 ƙarƙashin idon likitan dabbobi, domin halin da ya shiga a cikin waɗannan kwanaki shi zai taimaka wa likitoci su san ko za a ci gaba da alluran wanda aka ciza har ƙarshe.